Akwatin Malam Baha

Duk wanda ka tare a hanyar Ruwan Bago ka tambaye shi Malam Baha, amsa ɗaya zai ba ka: mutumin kirki ne. Ban musa ba. Ni dai kirkin nasa ne yake ƙona mini rai har yau, don na ga abin da ya jawo a gidan yayata. Sunana Ilu, acaɓa nake yi tsakanin Rogo da Karaye, shi kuwa Malam Baha mijin yayata Saude ne. Bahauddeen aka raɗa masa ran suna, amma ban taɓa jin wanda ya wahalar da bakinsa ya kai sunan ƙarshe ba.

Ɗan manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu, gero da dawa da gyaɗa. Abin da ya bambanta shi tun yana yaro shi ne ƙaiƙayin hannu. An ce ya taɓa kwance rediyon mahaifinsa kaf, wai yana neman inda mai karanta labarai yake zama, ya sha duka har sai da maƙwabta suka shigo ceto. Dukan bai yi magani ba. Ya yi sakandare, ya tafi kwalejin horar da malamai ya karanta fiziks. Abokan karatunsa suka maƙale a birni, shi kuwa ya tattaro komatsansa ya dawo gida. Aka ba shi koyarwa a sakandaren jeka-ka-dawo ta ƙauyenmu, wadda ake haɗa maza da mata. Ajujuwa ne da allo da darbejiya ɗaya a tsakiya. Ɗakin gwaji kuwa ko zancensa ba a yi.

To ga ƙa'idar. Makaranta ba ta zaunar da ɗalibanta jarrabawar kimiyya ta fita sakandare sai masu duba makarantu sun zo daga Kano sun ga kayan gwaji da idonsu, sun amince. In ba su amince ba, ajin kimiyya ya tashi a banza, yaro ya koma ajin adabi ko yana so ko ba ya so. Malam Baha ya ƙudurta a ransa sai makarantarmu ta samu amincewar nan. Shi ke nan burinsa, ba shi da na biyu. Sa'o'insa suna ta sake rufin kwano, suna sayen babur, shi yana tara tarkace, yayata tana mita.

Tarkace fa nake nufi, ba wasa ba. Duk ran kasuwa sai na ɗauke shi mu je Rogo Sabon Gari, rumfar Ƙasimu mai gyaran rediyo. Ƙasimu yakan ajiye masa matattun rediyoyi da cajar da ta ƙone da cikin tsofaffin talabijin a wani buhu. Sai ka ga malami guda da hularsa ya tsuguna a kan buhun nan kamar kaza a juji, yana tsinto wasu 'yan abubuwa da ba su wuce ƙwayar wake ba, masu zobban launi a jiki da waya ta kowane gefe. Resista sunansu. Ni kuma ina tsaye a rana fasinjoji suna wuce ni.

Ni a firamare na tsaya, amma wanda ya daɗe yana goya Malam Baha a babur dole ya iya fiziks ko ba ya so, don a kunnenka zai yi ta zubawa tun daga tashi har sauka. Aikin resista, in ji shi, tauye gudun wutar lantarki ne, turjiya take yi mata, kuma ana auna turjiyar da ma'aunin da ake kira om. Damuwarsa ita ce masu jarrabawa ƙanana suke so, mai om biyu, mai om biyar, shi kuwa mafi ƙanƙanta da yake samu da yawa a buhun Ƙasimu masu om goma ne.

Na ce, "To Malam, sai ka haƙura. Goma dai ba za ta koma biyu ba."

Ya yi dariya har yana dukan bayana. Ya ce, "Ilu, in an idar da Juma'a, masallaci mai ƙofa ɗaya da mai ƙofa biyar, wanne ya fi saurin watsewa?"

Na ce, "Mai biyar mana."

"To in aka jera ƙofofin nan biyar ɗaya bayan ɗaya, sai ka bi ta kowacce kafin ka fita fa?"

Na ce, "Ai sai la'asar."

Ya ce to shi ke nan na gama fiziks, saura satifiket. Haɗin resista iri biyu ne. Akwai wanda yake kira jerin gwano, wutsiyar wannan a kan wancan, wuta sai ta bi ta kowacce. A nan tarawa ake yi, goma da goma ashirin. Akwai kuma wanda yake kira sahu, a tsayar da su kafaɗa da kafaɗa, kawunansu a waya ɗaya, ƙafafunsu a waya ɗaya, wuta ta rabu ta bi hanyoyi da yawa. A nan turjiya raguwa take yi. Masu goma guda biyu a sahu sun zama biyar. Guda biyar a sahu sun zama biyu. In kuma ba iri ɗaya ba ne, kamar mai shida da mai uku, sai ka ninka su ka raba da jimillarsu, sha takwas a raba gida tara, biyu ke nan, kuma kullum amsar tana ƙasa da ƙaramar cikinsu. In aka cakuɗa maka haɗin biyu wuri ɗaya, kada ka firgita, in ji shi, fara dunƙule na sahu su zama ɗaya, sannan ka tara da na jere. Wallahi har yau in na ga layin shan mai sai lissafin nan ya faɗo mini.

Da ya dawo daga makaranta sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya tura ƙarfe a garwashin Saude, yana liƙa 'yan abubuwan nan da dalma. In ya gama haɗi sai ya samo karan dawa mai kauri, ya ƙwaƙule totuwar, ya cusa haɗin a ciki, ya toshe bakin biyu da narkakken kyandir, wayoyi biyu kaɗai suka leƙo. A aji sai ya miƙa wa ɗalibi kara ɗaya da batir da mita mai allura, ya ce ya auna ya faɗi turjiyar, sannan ya faɗi yadda aka haɗa na ciki ba tare da ya fasa ba. In yaro ya auna ya samu bakwai, sai ya zauna ya yi ta tunani har ya gano masu goma ne, guda biyu a sahu da guda biyar a sahu, aka jera su. Yara suna son wasan nan kamar me. Wadda ta fi kowa iyawa kuwa 'yarsa ce ta fari, Munawwara. Ba don 'yar yayata ce ba, yarinyar nan kanta yana ja. Tun tana ƙarama take cewa aikin jinya za ta yi, kuma kowa ya san ba a shiga makarantar jinya sai da fiziks.

A hankali kayan suka taru: karare, mitoci biyu da ya yi tattaki har Kano ya samo, wayoyi, makunnai, madubai, ma'aunin nauyi. Ya sa kafinta ya buga masa akwatin katako mai hawa biyu da kwaɗo. Ya nemi a zo a duba makarantarmu, aka ce ya jira layi. Ya sake nema, aka sake cewa ya jira. Ba mu da kowa a Kano, to wa zai tuna da mu?

A cikin jiran nan ne labarin akwatin ya bazu. Ka san yadda ake yi a makarantun ƙauye, ba sai na ɓoye maka ba. In an ji masu dubawa za su zo, sai a bazama aro. Benci aro, littafi aro, na taɓa ganin inda aka ari ɗalibai ma daga firamare aka saka musu dogon wando. To da aka ji akwai wani malami a wajen Ruwan Bago mai cikakken akwatin fiziks, sai saƙonni suka fara zuwa. Malam Baha kuwa bakinsa bai iya furta a'a ba. Ni nake ɗaure akwatin da roba a bayan babur, in kai shi makarantar da za a duba, a baje kayan a kan tebur, baƙi su gani su gyaɗa kai, in ɗauko in dawo da shi. Daga ƙasar Rogo har ƙasar Karaye akwatin nan ya zaga. Makarantu suka yi ta samun amincewa da shi, mai akwatin yana nan yana jiran layi.

Na sha faɗa masa. Na ce, "Malam, wannan ba taimako ba ne, wauta ce. Kana ɗinka wa kowa riga kai kana yawo da singileti."

Sai ya ce, "Ilu, yaran can ma 'ya'yan talakawa ne. Kuma in lokacin jarrabawa ya zo ai da gaske suke amfani da kayan, ba ƙarya ba ce gaba ɗaya."

Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya! Ka ji fa.

Wanda ya fi kowa aro shi ne Malam Daudu, abokin karatunsa tun kwaleji, shugaban wata sakandaren maza zalla da ke wajen Yola ta Karaye. Mutum ne mai faɗin fuska da daɗin baki, in ya gaishe ka sai ka ji kamar kai ne hakimi. Bara waccan ya ari akwatin don duba makarantarsa, ya riƙe shi ya fi yadda aka saba. Da na je ɗaukowa na tarar an shafe shi da koren fenti, an rubuta sunan makarantar Malam Daudu ɓaro-ɓaro da farin fenti a murfi da gefe. Raina ya ɓaci, na ce wannan wane irin rashin ta-ido ne? Malam Daudu ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Ilu na Malam, don baƙi ne kawai, ka san halinsu." Na kawo wa mai shi ina huci. Ya zagaya akwatin ya duba, ya ce ai ma an taimake shi, fenti yana hana gara. Yayata Saude ta yi tsaki ta shige ɗaki.

Sai bana, Munawwara tana aji biyar, saura shekara ta zauna jarrabawa, aka aiko cewa layinmu ya zo. Kai, ka ga Malam Baha a makon nan! Mutumin da ba ya ko sauri sai ga shi yana haɗawa da gudu. Aka share ajin ƙarshe, aka jera tebura, iyaye suka kawo abin da suke da shi. Shugaban makarantarmu ya dubi akwatin ya ce ba zai yiwu baƙi su ga sunan wata makaranta a jiki ba, a shafe. Aka samo ragowar shuɗin fenti a wajen mai gyaran ƙofofi, aka tsinka shi da fetur don ya isa, aka shafa. Da ɗanyensa ya rufe komai tas. Babu wanda ya sake dubawa bayan ya bushe.

Ranar ina wurin, don ni na yi ta jigilar kujeru da lemo. Baƙin su uku ne, shugabarsu wata mata mai gilashi, Hajiya Rekiya. Ba ta da hayaniya, ba ta kuma taɓa lemon ba. Ta shiga ajin, ɗalibai suka miƙe suka gaishe ta. Malam Baha ya sa Munawwara ta yi gwaji. Yarinyar nan ta ɗauki kara, ta haɗa waya, ta karanta allura, ta ce om uku ne, kuma tana zaton mai shida da mai uku ne a sahu, aka jera musu mai ɗaya. Hajiya ta yi murmushi. Ni ina bakin taga, zuciyata fari ƙal, har na fara tunanin yadda zan ba Saude labari.

Sai Hajiya ta karɓi karan a hannun Munawwara ta juya shi, ta sake juyawa. Murmushin ya ɗauke. Ta ciro wayarta ta yi ta latsawa, sannan ta taka ta je inda akwatin yake, ta tsuguna ta gefen da haske yake bugunsa. A ƙarƙashin shuɗin fentin nan, fararen haruffan Malam Daudu suna nan raɗau, ko makaho ya shafa zai karanta.

Ta miƙe ta nuna wa shugaban makarantarmu wayar. Hoton kararen nan ne a kan tebur, Malam Daudu yana tsaye a bayansu yana washe baki. Ta ce ita ce ta duba makarantarsa bara waccan, kararen suka burge ta har ta ɗauki hoto, kuma ya shaida mata cewa ɗalibansa ne suka ƙirƙira, har ta yabe shi a gaban manyanta. Ta ce ta gaji da wasan aron kaya da ake yi musu, kuma ta yi alkawari duk inda ta kama ba za ta ɗaga ƙafa ba. Shugabanmu ya fara in-ina, ta ɗaga masa hannu. Ta juya wajen Malam Baha.

Ta ce, "Malam, kai ne malamin fiziks. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa. Akwatin nan na wane ne? In ka ce naku ne, zan saurare ka, in kuma ka tabbatar mini zan amince da makarantarku. Amma ka sani, daga nan can zan wuce in janye amincewar waccan makarantar yau ɗin nan, sannan in bi sawun duk inda akwatin ya taɓa zuwa. In kuma nasu ne kuka aro, to magana ta ƙare a nan."

Kowa ya san abin da take nufi. Jarrabawar bana ta ƙarato, yaran Malam Daudu da na sauran makarantun duk an riga an yi musu rajista. In aka janye, shekararsu ta tafi. Tabbatarwa kuwa ba ta da wuya ko kaɗan. Ƙasimu yana nan a rumfarsa, kafinta yana nan, ga ni a taga, ga tabon ƙuna a yatsun Malam Baha duka goma. Na buɗe baki na ce, "Hajiya, wallahi tallahi..." Malam Baha ya waiwayo ya dube ni. Tunda nake da shi bai taɓa yi mini irin kallon nan ba. Ya ce, "Ilu, ba da kai ake ba."

Ya cire hularsa ya share gumi, ya mayar. Bai dubi inda Munawwara take ba, na lura da wannan. Ya ce, "Ranki ya daɗe, aro muka yi."

Innalillahi. Ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Wani yaro a baya ya ce, "Kai Malam!" aka ce ya yi shiru. Hajiya Rekiya ta daɗe tana kallonsa, ni a ganina ma ba ta yarda ba, amma me za ta yi? Mai abu ya ce ba nasa ba ne. Ta yi masa faɗa a gaban ɗalibansa, faɗa mai zafi, ta ce malami ne ya kamata ya koya wa yara gaskiya, ba shafa fenti a kan kayan mutane ba. Yana tsaye hannu a baya yana cewa, "Haka ne, ranki ya daɗe. A yi haƙuri." Ta ce babu amincewa, kuma ba za a sake sauraron makarantar ba sai ta yi nata kayan. Sannan ta ce a mayar wa masu akwati akwatinsu a ranar, za ta buga waya ta ji ko ya isa.

Wa zai kai? Ni mana. Na ce ba zan kai ba, ko za a yanka ni. Malam Baha ya zo ya tsaya kusa da babur ɗina ya ce ƙasa-ƙasa, "Ilu, don Allah." Shi da kansa ya tattara kararen ɗaya bayan ɗaya ya jera, ya naɗe mitocin da tsumma, ya rufe, ya ɗora, ya ja roba ya ɗaure. Ya miƙo mini ɗan makullin. Ya ce in bi a hankali a wajen kwazazzabo, allurar mita ba ta son jijjiga. 'Yan ajin suna tsaye a ƙarƙashin darbejiya suna kallo. Na tayar da babur ina hawaye, ƙato da ni, ban ji kunya ba.

Na tarar da Malam Daudu a ofishinsa, labari ya riga ni isa. Na dire akwatin a gabansa. Na zaci zai ji nauyi, ko ya ce zai bi Hajiya ya faɗi gaskiya, ko dai wani abu. Sai ya taso da fara'arsa ya ce, "Allah sarki Baha, ɗan Aljanna ne wallahi. Ya rufa mana asiri, Allah ya rufa masa." Ya sa a kawo mini ruwan sanyi. Ya ce in gaya wa Malam Baha kada ya damu, da ƙura ta lafa za a san abin yi, kuma in ya samu sarari ya leƙo kafin jarrabawa ya jera musu kayan, don malaminsu sabo ne bai san kan kararen ba. Na dube shi sama da ƙasa. Na ce, "Malam Daudu, Allah ya isa tsakaninka da yarinyar nan." Na bar masa ruwansa na fito. Ƙurar kuwa har yau ba ta lafa ba, akwatin yana can, don yanzu a idon hukuma nasu ne.

Kafin zangon ya ƙare aka rushe ajin kimiyya, aka watsa 'yan ajin cikin na adabi. Mazan da iyayensu suke da hali an mayar da biyu ko uku wasu makarantun, har da ta Malam Daudu, ka ji abin haushi. Matan kuwa ina za su? Ta Malam Daudu ta maza ce zalla. Makarantun kimiyya na 'yan mata na kwana tun daga aji uku ake cin jarrabawar shigarsu, Munawwara ta wuce nan, don ubanta ya ce ta zauna a gida, amincewa tana tafe. Sauran na jeka-ka-dawo da suka samu amincewa da akwatinsa sun yi nisan da ba a zuwa a dawo kullum, kuma da aka tuntuɓe su kowa ya noƙe, ba mai son a ga 'yar Malam Baha a ajinsa a fara tambaya. Shi kuma aka ba shi darasin lissafi a ƙananan ajujuwa. Yana zuwa, yana koyarwa, yana dawowa. Mutanen gari suna ta sa masa albarka, har liman ya yi misali da shi a wa'azi. Albarka! Su da ba 'yarsu ba ce.

Saude ta yi fushi, ta yi kuka, ta gaji ta bari. Munawwara ce ba ta ce komai ba. Tana gaishe shi da safe, ta kai masa ruwan alwala, ta tafi ajin adabinta ta dawo. Shirun nan ya fi damunsa a kan faɗan Saude, na sani, don ya rame.

Wata rana bayan la'asar na shiga gidan na tarar yana zaune a tabarma, ita tana tsince shinkafa a gefe. Ya kira ta ta matso. Ni na tsaya a bakin zaure. Ya fara yi mata bayani a hankali, irin yadda yake yi a aji. Ya ce ta duba ta gani, a can yara ne masu ɗimbin yawa, ajujuwa cike, an riga an yi musu rajista, iyayensu sun sayar da amfanin gona sun biya. A nan kuwa aji ɗaya ne, bai ma cika ba. Ya ce da ya faɗi gaskiya da duk sun rasa shekararsu, kuma shi ne sila tun farko da ya ba da aro. Ya ce malami ba ya iya kallon ɗalibai masu yawa haka su faɗi a kansa. Ya ce in ta auna da hankali za ta ga lissafin ya fita.

Ta saurare shi har ya gama, kanta a ƙasa, yatsunta a cikin shinkafa. Sannan ta ce, "Lissafin ya fita, Baba. Na auna tun ranar."

Ya ce, "To Alhamdulillahi."

Ta ce, "Amma su can ko sunanka ba su sani ba. Ni kuwa kai ka ce in zauna in jira ka."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki farantinta ta shiga madafa. Malam Baha ya bi ta da ido. Ya zauna yana kallon ƙofar madafar har aka kira magariba, bai tashi ba sai da na taɓa shi.